Askin Ƙwaron Cediya

Wani mutumin Zoza ne, yana zaune ƙarƙashin cediyar ƙofar gidansa, sai ga wata malamar binciken ƙwari daga Kano, Malama Halima Sadiya. Bayan sun gaisa ta ce ya ba ta izini ta duba ganyen.

Ya ce, "Duba mana. Ko akuya ba na hanawa."

Ta tsinko wani ganye da ya naɗe ya yi ƙululu, ta ɓare. Ga wani ɗan baƙin ƙwaro a ciki, ƙwayar riɗi ma ta fi shi jiki. Ta kara gilashi a ido, sai ta yi salati.

Gogan ya zabura. "Wa ya mutu?"

"Ba kowa, Baba. Irin waɗannan ƙwarin masu cin ganye kala-kala ne, da gashin jikinsu muke rarrabe su. Wannan kuwa ban taɓa ganin irinsa ba. Ina jin ko suna ba shi da shi."

"Ba suna? A ƙofar gidana?"

"In sabo ne, sunanka zan sa masa, ya shiga littafi."

Ta jefa ƙwaron a kwalba da ɗan ganye, ta ce ya adana mata, ranar kasuwar Rogo ta sama za ta dawo da babban madubi ta ƙirga gashin.

Mutumin nan ya shiga gida yana taku ɗai-ɗai. Ya ce da matarsa, "Jamilatu, an yi mini takwara."

Ta leƙa kwalbar. Ta dube shi. "Wallahi har kun yi kama."

Bai kula ta ba, lissafi yake. Malama sai kwana takwas za ta dawo. Takwaransa ya wuce bakwai ba suna, ba aski? Da wane ido zai kalli mutanen gari?

Ranar bakwai da sassafe ya raba goro, ya kama ragon Jamilatu ya yanka tana ihu, ya aika a kira Badaru wanzami.

Badaru ya shimfiɗa buzu, ya wasa aska. "Ina jaririn?"

Gogan ya zazzage kwalbar a tafin hannu.

"Ina?"

"Ga shi nan. Kar ka yi numfashi da ƙarfi."

Badaru ya ce, "Shekarata talatin ina aski, ban taɓa yi wa wanda ban ga kansa ba."

"To ka bi ko'ina. Inda kan yake ka same shi."

Badaru ya dubi tukunyar nama, ya yi bisimilla, ya bi ɗan ƙwaro da aska gaba da baya.

Kashegari Malama ta iso a bayan acaɓa, rungume da madubinta. Ta ɗora ƙwaron, ta leƙa. Ta goge ido, ta sake leƙawa.

"Baba, ina gashin?"

"Mun rufa masa asiri jiya. Ga ma naki naman sunan an ajiye."

Ta ɗora hannu a ka. "Innalillahi! Gashin nan fa shi ne shaidar! Yanzu sunanka ba zai shiga littafi ba. Ta ina zan bambanta shi da sauran?"

Ya ce, "Haba Malama, da bokonki? Daga nan har Ƙaraye shi kaɗai ne mai ƙwal-kwabo!"