Yadda Za Ka Sayar da Tsohuwar Motarka Ba Tare da Ka Gasa Karenka Ba

Kai mai tsohuwar motar nan da ta tsuguna a ƙofar gida a Fakuwa, share hawayenka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari kafin la'asar wani zai bar gidanka, ko motar ko mai sayen.

1. Wanke ta da tausayi

Kada ka dirje ta, fenti ne kawai ke riƙe da ita. Kori kaji daga but, ma'ajiyar kaya ta bayan motar. In matarka Sa'a ta tambayi inda za ta riƙa shanya kuɓewa, ce mata arziki na tafe.

2. Nemi gangara

Tura ta kan gangara ka tare tayar da dutse, don ta tashi ba turi. Raba ta da inuwar itacen bedi, ka kai ta tsakiyar rana inda za ta yi ƙyalli. Mu masana mun gano cewa mota mai ƙyalli ba a tambayarta batir.

3. Ɗage gilasai, buga ƙofofi

Mai saye zai zaci akwai esi, na'urar sanyaya mota. Kada ka leƙa kujerar baya, inda Duna, karen da ke gadin awakinka, ya mayar ɗakin barcinsa tun bara. Ka kuma manta cewa ƙofofin nan in sun rufu, sai an ɗauko bakanike daga Kankia.

4. Gaisa kamar ɗan mutunci

Ga mai sayen nan, Malam Ummaru daga Bauranya, rana ta take tsaka, bazara na ci. Shimfiɗa masa tabarma ƙarƙashin bedi, ya ba motar baya. Haramun ne a ambaci mota yanzu. Ina gajiya, ina iyali, ina tsohuwa da ƙafa, ina zafi. In kun ƙare, sai shi ma ya ɗauko daga farko. Sa'a ta kawo fura.

5. Ga harshe a gilashi

Ana cikin labarin irin dawa, za ka hango ta bayan hularsa wani dogon harshe manne da gilashi. Duna ne. Nan wasa ya tsaya kaɗan: mota a rufe cikin rana tanda ce, kare kuma ba ya gumi irin namu, haki kawai gare shi. Kafin a shanye furar nan zai iya mutuwa.

Yanke gaisuwar dattijo abin kunya ne, fasa gilashin motar da kake talla kuma hauka ne. Yi duka biyun.

6. Taɓarya

Ruga ka ja ƙofa. Ba za ta buɗe ba, ai ka sani. Ƙwala wa Sa'a kira ta miƙo taɓarya, ka nufi gilashin da ke nesa da karen, ka rufe ido ka sauke. Idan madubi ya faɗo don tausayi, ƙyale shi.

7. Inuwa da ruwa

Sungumo Duna zuwa inuwa, ko da tabarmar baƙo ce. Jiƙa masa ciki da ƙafafu da ruwan randa, ka yi masa fifita da hularka. Ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. In bai miƙe ba, sai malamin dabbobi, kuma ba a wannan motar ba. In ka ji ƙwalla, ka ce barkonon fura ne.

8. Ciniki

Duna zai ɗaga kai ya kaɗa wutsiya. Malam Ummaru zai zagaya motar, ya taɓa ƙofa, hannun ƙofar ya biyo shi. Zai miƙa maka cikin ladabi ya ce, "Alhaji, wagga mota Allah shi ba ta lafiya. Amma karen da aka fasa ma gilashi, lalle ba na banza ba ne. Saida mani shi."

Tun asuba kake gwajin yadda za ka ja aji a ciniki. Yanzu ba sai ka ja ba, bakinka zai riga ka: "Albarka, Malam. Ko da shanunka duka."

Raka shi bakin hanya, ka ce ya gaida gida.

Sanarwa: ba ruwana da gilashi, da baƙon da ya tafi, da dariyar da Sa'a za ta yi maka har kaka. Wanda kuma ya sake rufe dabba a mota cikin rana, kada ya ce ya taɓa sanina.