Rasuwar 'Yar Fara, Na'urar Intanet ta Malam Ɗalha

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Ɗalha Yusufu, malamin lissafi a Gwandu, yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar na'urarsa ta kamo intanet, wadda aka fi sani da 'Yar Fara. Ta cika ranar Talata da hantsi, tana da shekara shida.

An haife ta a wata masana'anta can ƙetaren teku. Kamfanin waya ya sayo ta, ya goge sunan iyayenta, ya buga nasa a goshinta, ya kulle ta yadda ba za ta karɓi layin kowa ba sai nasa. Ba ta taɓa ƙorafi ba. Don ofis mai sanyi aka ƙera ta, amma ta yi rayuwarta rataye a reshen dogonyaro, domin nan kaɗai sabis ke sauka a gidan. A takarda mutum takwas za ta ɗauka. Marigayiya ta ɗauki unguwa guda.

Jinyar ta fara da kumburin ciki. Batir ya taso, murfi ya ƙi rufuwa, aka ɗaure ta da roba. Malam ya kai ta Kalgo a babur wurin Ashiru mai gyara, wanda ya girgiza kai ya ce masu ƙera ta sun daina yin irin batirinta, don a sayi ƙanwarta.

Ranar da ta cika ita ce ranar rufe neman tallafin karatun likita, kuma takarda ɗaya ta rage wa Hafiza, 'yar Malam, ta tura. Malam ya hau turmi a gindin dogonyaron, ya ɗaga marigayiya sama, yana yi mata fifita da hularsa. Ta yi “tit”, takarda ta kama hanya. Ta sake yin “tiiit” a hankali, fitilarta ta mutu. Bai sauko ba sai da Hafiza ta miƙo masa waya ya ga an karɓa. Nan ya zauna kan turmin yana share ido.

Ta bar caja ɗaya mai rauni, layi guda, da maƙwabta goma sha huɗu da ke rantsuwa ba su san lambar sirrinta ba, amma su suka riga kowa jin mutuwar.

Za a yi mata sutura da kwalinta bayan La'asar, a rufe ta a ƙasan akwati kusa da rediyon mahaifin Malam. Zaman makoki kwana uku ne a ƙofar gida. Masu zuwa ta'aziyya su taho da tabarmarsu, su kuma taho da datarsu.