Rasuwar Sulan, Kyamarar da Ta Sha Ruwan Kurmi

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika fal, ni Nafi'u Ɗanjuma, ɗalibi mai nazarin gizo-gizo, wanda mutanen dogon gidanmu na bakin kogi a Sarawak suka fi sani da Apai Sulan, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar abokiyar tafiyata, kyamarata Sulan. Rai ya yi halinsa ranar Talatar da ta wuce da hantsi, a cikin rumbun shinkafar Ini Empiang, bayan gajeriyar rashin lafiya mai nasaba da ruwa.

Marigayiyar ta zo hannuna ne a birnin Kuching, ta hannu ce, da tabo a gefen goshi wanda mai shagon ya rantse na ado ne. Sunan kuwa a nan ta samo shi. A gidan nan ba a kiran babban mutum da sunansa gatsau, da sunan ɗansa na fari ake kiransa. Ni kuma na zo ba mata ba ɗa, sai wata baƙar aba rataye a ƙirjina, ina goge ta, ina lulluɓe ta idan hadari ya haɗo, ina kwana da ita a gefen matashi. Ini Empiang, tsohuwar da ta ba ni ɗaki, ta zuba mini ido har ta gaji, sannan ta ce ai wannan 'ya ce, ta raɗa mata Sulan. Tun daga ranar na zama Apai Sulan, wato uban Sulan, kuma ban taɓa jin kunyar amsawa ba.

Duk wanda ya zauna da marigayiyar zai shaide ta da haƙuri. Mun hau tudu tare, mun gangaro tare, sau da yawa ba da ƙafa ba. Na sha kwanciya rub da ciki a taɓo daga safe har azahar, matsattsaku suna kalaci da ƙwaurina, ita kuwa tana tallafe a hannuna ba ta ce uffan ba. Maganarta kaɗan ce. Idan tana neman abu sai ta ce "tsiii, tsit". Idan ta same shi ta ce "ƙyas". Idan yunwa ta kama ta sai ta ƙyafta jar fitila, ta yi shiru, ba irin wayoyin zamani masu ƙorafi ba.

Babu dabbar da ke kurmin nan da Sulan ba ta san bayanta ba. Ta ɗauki wutsiyar biri, ta ɗauki ƙeyar cilakowa, ta ɗauki reshen da kurege ya tashi daga kai yana lilo. Ta ɗauki babban yatsana fiye da yadda ya cancanta. Gizo-gizo ne kaɗai suke tsayawa su dube ta ido cikin idanu, kuma da su muka ci abinci.

Sai dai akwai guda ɗaya da ya gagare mu. Wani ɗan mitsitsin gizo-gizo ne mai tsalle, bai fi ƙwayar dawa ba, namijin yana da farin gashin baki, yana kuma yi wa macen rawa. Da idona na gan shi a shekarata ta farko, na dawo na ɗora karatuna kacokan a kansa. Malamata Dakta Voon mace ce mai kirki, amma ba ta cin labari. Ta gaya mini ƙarara cewa idan babu hoto babu gizo-gizo, idan babu gizo-gizo babu abin da zan kai gaban malamai a ƙarshen watan nan, sai in tattara in koma gida in yi wa mahaifiyata bayanin inda shekarun suka tafi. Maganar nan ta hana ni jin daɗin abinci, Sulan ce kawai ta san irin tsoron da nake ciki.

Ranar da ciwon ajali ya same ta, mun fita da Unggat, ɗan Ini Empiang, wanda muke shiga kurmi tare idan ba shi da aikin gona. Sama garau, ko ɗigon gajimare babu. Can bayan magangarar ruwa, a kan wani faffaɗan ganye, sai ga mutumin. Ga gashin bakin, ga macen a gabansa. Na durƙusa, Sulan ta ce "tsiii, tsit". Ya ɗaga ƙafafun gaba, ya yi dama, ya yi hagu, ya karkaɗa ƙugu da iya ƙarfinsa. Macen ta dube shi, ta juya masa baya. Ya ƙara wuta, ya ja da baya don ya yi juyi, ganyen ya ƙare bai sani ba. Sai ga shi yana reto a ƙarshen zare, ƙafafu a sama, gashin baki a ƙasa.

A nan ne wani sauti ya fito daga bakina, wanda har gobe ake jayayya a kansa. Kowa a gidan nan, har yaron goye, ya san ba a yi wa dabba dariya, don sama ba ta yafewa. Ko Dakta Voon, da duk littattafanta, na ga kwaɗo ya faɗa mata cikin shayi ta haɗiye abinta ta dubi gefe.

Unggat ya juyo a hankali ya ce, "Apai Sulan, dariya ka yi?"

Na ce, "Tari ne."

Ya ce, "To, tarin naka har da riƙe ciki. Tashi mu tafi, malam, kafin a zo duba ka."

Ina nan a kan bakana, tari ne. Amma dole in faɗi gaskiya saboda darajar mamaciya: hotunan da ta ɗauka a lokacin duk sun fito kore shar, babu kowa a ciki, domin hannun da ke riƙe da ita yana ta girgiza. Ba mu kai ga mashigin kogi ba sama ta yi baƙi ƙirin. Aka saki ruwa kamar da bakin ƙwarya, irin wanda Unggat ya ce bai taɓa gani ba a wannan wata. Na cusa ta cikin riga, na naɗe da ganye, na rungume. A tsakiyar kogi santsi ya kwashe ni, muka nutse tare, na fito da ita a sama da kaina, amma aikin gama ya gama.

An yi jinya iya jinya. Hazo ya rufe mata ido daga ciki. Ta kan farfaɗo ta ce "tsiii" ba tare da "tsit" ba, sai ta koma. Ini Empiang, wadda ba ta barin ko jikokinta su leƙa rumbunta, da hannunta ta binne Sulan cikin shinkafa don ta tsotse laimar. Ba ta yi mini faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo. Kullum dai sai ta kawo mini ruwan citta mai zafi ta ajiye, ta ce na tari ne. Ranar Talata na danna, na sake dannawa, jar fitilar ta ƙyafta sau ɗaya, shi ke nan. Na zauna a bakin rumbun na yi kuka, kuma wannan ban ce tari ba ne.

Marigayiyar ta rasu ta bar idanu biyu na gilashi, dogo da gajere, da batura waɗanda ɗaya daga cikinsu ya kumbura tun tana raye, da maɗauri mai warin gumina, da abin ɗora ta mai ƙafa uku wanda yanzu biyu da rabi ne. Murfin idonta ya riga ta tafiya tun bara, a kogin da ya ci ta. Ta kuma bar ni, uba ba 'ya, ɗalibi ba hoto.

Game da jana'iza, an so a yi ta ranar Alhamis a gindin bishiyar duriyan da ke bayan gida. Muka cire mata ido, muka shimfiɗe ta a kan tabarma a doguwar baranda don jama'a su yi bankwana. Da safe Ini Empiang ta zo shara, ta sunkuya, ta daɗe ba ta ɗago ba, sannan ta yafito ni da hannu. A cikin ramin da idon yake, an saƙa wani ɗan farin ɗaki. Macen tana ciki a kan ƙwai. A bakin ramin kuma, kan ƙarfen da ya zagaye shi, ga mai gashin baki yana dama yana hagu. Ko a jakata suka biyo mu, ko a ganyen da na naɗe ta da shi, Allah ne masani. Shekara da shekaru ina neman bawan Allahn nan a kurmi, yau ga shi a cikin kyamarata, ni kuma ba ni da kyamara. Mun gwada da wayar Unggat, hoton ya fito da ɗigo ɗaya, Dakta Voon ta tambaya ko ƙuda ne ya yi kashi a gilashin.

Ini Empiang ta yanke hukunci, kuma ba a ɗaukaka ƙara a gidan nan. Ta ce, "Ba mai taɓa yarinyar nan sai ta sauka lafiya. Kai kuma daina kumbura fuska, suna ne zai canza. Ka tashi daga uba, ka zama kaka."

Saboda haka an ɗage jana'iza har sai ƙwai sun ƙyanƙyashe. Ana zaman makoki kullum a baranda daga hantsi zuwa la'asar, lokacin da ango mai gashin baki ya fi rawa. Akwai shayi da kazar da aka dafa a gora. Masu zuwa ta kogi su sauka a matsayar kwalekwale ta biyu, su cire takalmi, su tako a hankali don katakon yana motsi. Ba ma buƙatar furanni. Duk mai ƙaunar marigayiyar, ko mai tausayin mahaifiyata, ya zo da kyamara mai idon ɗaukar ƙananan halittu, kuma don girman Allah ya iso kafin ƙarshen wata.

Ana roƙon masu ta'aziyya su kame bakinsu idan ango ya zo juyi, domin ƙarfen yana da santsi kuma rufin gidan tsoho ne. Mai tari ya yi zamansa a gida, mun karɓi gaisuwarsa.