Renon 'Ya'yan Kawara

A wani daji da kogi ya ratsa ta tsakiyarsa, akwai wani ƙaramin rafi mai tsakuwa da ke gangarowa daga duwatsu ya faɗa cikin kogin. Tun kaka da kakanni, idan damina ta kankama, kifin nan kawara sai ya yi ayari ya haura rafin, ya zuba ƙwai cikin tsakuwa ya komo. A can 'ya'yan ke ƙyanƙyashewa, su koyi iyo a ruwa mai gudu, su koyi ɓuya, sannan su gangaro kogi da wayonsu. Ana nan ana nan, ayarin ya zama tsiraru, tsirarun suka zama ɗaiɗaiku, har tsuntsayen da ke rayuwa da kawara suka fara ramewa. To, a nan ne fa aka gane cewa kawara abin tausayi ne.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma babu wanda bai san dalili ba. Magajiya Dorina, shugabar Majalisar Bakin Kogi, ita ce ta gano cewa babu inda ya kai bakin rafin nan sanyi, ta mayar da shi wurin hutawarta. Yau birgima, gobe birgima, laka ta taru ta toshe hanya. Amma wa zai ce wa mai jiki irin nata ta gusa?

Cikin kawarar da suka rage akwai wata tsohuwa mai suna Tabawa. Da damina ta yi ta zagayen lakar nan tana neman kafar da za ta haura, ba ta samu ba, dole ta zuba ƙwanta a wani ɗan kududdufi a gefen kogi. Suka ƙyanƙyashe, amma ruwa ya soma janyewa. Ta san ba za ta sake wani ƙwan kirki ba, waɗannan su ne na ƙarshe. Sai ta kai kuka gaban majalisa.

Ta fito da kai daga ruwa ta ce, "Ranki ya daɗe, ban zo da dogon zance ba. 'Ya'yana na cikin kududdufi, rana na shanye shi. Abin da nake roƙo shi ne a buɗe mana bakin rafi, ko da faɗin tafin kada ne, in ja su mu haura. Rafi zai yi musu sauran aikin, kamar yadda ya yi mini, ya yi wa uwata."

Kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Can sai Malam Zalɓe, mai magana da yawun majalisa, ya sauke ƙafarsa ɗaya da ya naɗe, ya gyara murya.

"Magajiya, 'yan majalisa, Allah ya ƙara muku lafiya. Maganar wannan baiwar Allah ta taɓa ni, don ni da kawara ba yau muka saba ba. Babu wanda ya san ciki da wajen kawara kamar gidanmu. Amma uwa ce, kuma uwa da zuciya take magana. Mene ne rafi? Ruwa ne mai gudu, ba mai gadi, ba mai tsari, ba wanda za a tambaya in abu ya ɓaci. Cikin 'ya'yan da ake ƙyanƙyashewa a can, nawa ke dawowa? Mun bar amanar Allah a hannun tsakuwa shekara da shekaru, ga abin da ya haifar. Shawarata ita ce a haƙa tafki na musamman, a kwaso yaran nan, majalisa ta rene su da hannunta, har su girma a mayar da su kogi. Ta haka za a ceci kawara, ba kuma tare da an tayar da wani babba daga inda Allah ya zaunar da shi ba."

Magajiya Dorina ta lumshe ido ta ce ba ta taɓa jin magana mai ma'ana kamar wannan ba. Aka amince baki ɗaya. Tabawa ta so ta ƙara magana, aka ce mata an riga an yi addu'ar tashi.

A gaskiya an yi aiki, ba na hana su wannan. Gyado ya haƙa tafkin, aka jawo masa ruwa ta wata 'yar hanya daga kogi, aka toshe hanyar da shingen kara. Kwasakwasa, mai jaka a maƙogwaro, shi aka ɗora wa jigilar yaran daga kududdufi. Ya yi ta safara har ya kwashe su. An lura cewa waɗanda ke isa tafki ba su kai waɗanda ke barin kududdufi ba, amma ya yi bayani cewa hanya ba ta da kyau, aka yi masa sannu da ƙoƙari.

Aka raɗa wa wurin suna Gidan Renon Kawara. Labari ya bazu dazuzzuka, baƙi suka riƙa zuwa gani, kowa da ƙunshin gara ko tsutsa. A nan ne Zalɓe ya kawo tsarin da ya fi alfahari da shi. Ya ce alherin da ba a san mai shi ba asara ne, don haka ba za a jefa ko ƙwayar gara ɗaya a tafki ba sai wani babba ya zo ya tsaya a bakin ruwa, inuwarsa ta rufe yaran, Kwaɗo maroƙi ya faɗi sunansa da na ubansa. Sannan yaran su taso su yi gaisuwa, sannan a zuba. In babban ya makara, sai yaran su jira. In ya ɗaga zuwansa sai gobe, su ma cikinsu ya ɗaga sai gobe.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kafin wata ya zagayo, da inuwa ta faɗa kan ruwa sai ka ga tafki ya yi fari fat da bakuna a buɗe. Baƙi suka riƙa mamakin ladabin yaran nan. Wata Shamuwa da ta yi yawon duniya har hawaye ta yi, ta ce ba ta taɓa ganin kifi mai tarbiyya irin wannan ba.

Ita kuwa Tabawa an hana ta shiga, wai kada ta koya musu ɗabi'un kogi. Kullum tana bakin shingen kara tana leƙe. Ranar da ta fara ganin 'ya'yanta sun taso wa inuwa, nan take ta bar bakin shingen. Ta sake komawa gaban majalisa, wannan karon ko gaisuwar kirki ba ta iya yi ba.

"Ranki ya daɗe, na gode da ciyarwa, Allah ya saka. Amma abu na farko da uwa ke koya wa ɗan kifi shi ne, in ka ga inuwa, nutse. Ba ka tsayawa tambayar ta wace ce. Ku kuwa kun koya musu in sun ga inuwa su taso. Don Allah ku riƙa watsa musu abincin ba kowa a kansu. In kuwa hakan ya yi wa manya nauyi, to a sami wani ya riƙa razana su ko sau ɗaya a yini, su san tsoro."

Magajiya Dorina ta buɗe baki har sai da aka ga dasashinta. "Ikon Allah! Yau na ji abin da ya fi ƙarfina. Mu da muka ɗauki marayu muka rungume, so kike mu koma muna firgita su?"

"Ba marayu ba ne, ranki ya daɗe. Ga ni da raina."

Zalɓe ya karɓe. "Iya Tabawa, a tsarinmu duk wanda ke cikin tafki maraya ne, da haka baƙi suka san su. Kuma ki yi mana adalci. Tsoro shi ne ciwon da ya hana jinsinku ci gaba. Kun ɗauki kowane babba maƙiyi, shi ya sa ba a san ku ba, ba a taimake ku ba. Mun raba 'ya'yanki da wannan duhun kai, maimakon godiya sai ƙorafi? Ki je ki kwantar da hankalinki, suna hannu nagari."

Ta koma bakin shinge. Tilas ba ta rasa ɗakin kwana.

Yaran suka girma, suka yi ɓul-ɓul, ba su taɓa sanin ruwa na gudu ba. Da so samu ne majalisa ba ta ƙi a ci gaba da reno har abada ba, don tun da aka buɗe gidan nan babu ɗan majalisar da ya kwana da yunwa, saboda ba duk garar baƙi ke isa ruwa ba. Amma baƙi suka fara tambayar yaushe za a ga sakamako. Sai aka sa ranar saki, aka aika gayyata gabas da yamma.

Ranar kuwa bakin kogi ya cika maƙil. Ga zalɓuna daga wasu fadamu, ga shirwa, ga gaggafa, ga dangin Kwasakwasa da ba a taɓa gani ba. Suka jeru a gaɓa da hantsi, rana na bayansu, inuwarsu ta miƙe har tsakiyar ruwa. Magajiya ta yi jawabi mai tsawo a kan amana. Kwaɗo ya wasa kowa. Sannan aka cire shingen kara.

Yaran suka fito kogi, ruwa ya fizge su, suka ruɗe. Tabawa ta kutsa cikinsu tana ihu, "Ku yi ƙasa! Ku bi ni ƙasa, 'ya'yana!" Babu wanda ya san ta. Suna cikin wannan ruɗani sai suka ga abin da suka sani, inuwa, ba ɗaya ba, ba biyu ba, manya-manya, fiye da duk wadda suka taɓa gani. Hankalinsu ya kwanta. Sabo turken wawa. Suka taso gaba ɗaya, suka jeru, suka buɗe baki.

Baƙi dai ba 'yan majalisa ba ne, ba su yi wa kowa alkawarin komai ba. Da suka ga kifi ya taso ya jeru a gabansu, sai suka ɗauka walimar ce aka gabatar, har wata gaggafa ta yaba da tsarin. Suka ce bismilla. Malam Zalɓe ya daure iyakar daurewa, yana kallon sama yana haɗiyar yawu, daga bisani ya ga bai dace baƙo na ci mai gida na tsaye ba.

Tabawa ta ga ana ɗauke 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, kowanne da gaisuwa a bakinsa. Baƙin cikin da ta ji ba ya faɗuwa. Da ta ga ihu ba zai yi ba, sai ta cafki wutsiyar wadda ta fi kusa da ita, wata 'yar budurwa da aka raɗa wa suna Godiya a tafki, ta ja ta da ƙarfin tsiya zuwa ƙarƙashin saiwar wani baure.

Yarinyar na fizge-fizge tana cewa, "Haba baiwar Allah, sake ni! Manya sun tsaya, ba a barinsu tsaye. Za a ce ba ni da kunya, kuma rabona zai wuce!"

"Ni ce uwarki. Rabon naki ne nake so ya wuce."

"Mu marayu ne, ba mu da uwa sai majalisa."

"To, marainiya, ɗaga ido ki dubi majalisa."

Godiya ta ɗaga ido. Daidai lokacin wani dogon baki da ta sani sarai, bakin da ya sha zuba mata gara, ya ratso ruwa ya ɗauke wanda ɗazu yake kusa da ita a layi. Ba ta ƙara cewa a sake ta ba. Ta lafe a jikin tsohuwar, har inuwoyin suka watse.

Washegari majalisa ta yi zaman gaggawa. Kowa ya zo da nauyin jiki, aka yi ta'aziyya. Bayan doguwar muhawara aka gano cewa reno ya yi nasara, tun da an saki yaran lafiyayyu a gaban shaidu, laifin na kogi ne, wanda bincike ya nuna bai dace da kifi ba. Aka yanke shawarar faɗaɗa tafki, kuma nan gaba duk wanda aka rena ba za a sake jefa shi cikin haɗarin kogi ba. Saura a samo wasu ƙwai. Aka tashi Malam Zalɓe da kansa ya je ya nemo Tabawa, ko wani mai sauran numfashi a danginta, a sanar da su wannan albishir.

Ya tafi da hantsi ya tsaya a gaɓa daidai bauren nan, ya miƙe wuya, ya buɗe fukafukai don inuwarsa ta yi faɗi. Ya yi sallama, ya ƙara. Ya ambaci sunansa da na ubansa, tun da bai zo da maroƙi ba. Ruwa na ta wucewa abinsa. A can ƙasa cikin saiwa, wutsiya ta ɗan motsa, wata tsohuwar wutsiya ta danne ta.

Da rana ta take ya koma ya shaida wa majalisa, cikin alhini, cewa kawara ta ƙare a kogin nan ƙaf. Magajiya Dorina, daga inda take kwance a bakin rafi, ta tambaye shi ko ya tabbata.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, ai da akwai saura, da sun taso gaisuwa."