Ranar da Mushe Zailani ya zama ma'aunin ruwa

"Manhajar da na rubuta, ko jikokin jikokinku za su ci gajiyarta!"

Haka Mushe Zailani (Mushe, wato malam da Faransanci) ke faɗa a kowace majalisa a Difa. In ba ka san shi ba, wani ɗan gajeren injiniya ne, sarkin cika baki, tsawonsa bai fi buhun tattasai biyu ba. Ya haɗa manhaja a kwamfuta wadda ke hasashen cikar kogin Komadugu, ta aika wa manoman tattasai saƙo a waya kafin ruwa ya cinye musu gonaki.

Sai ga Madam Fatime, mai bincike daga Yamai, ta zo duba ko wasu za su iya aiki da ita. In ta gamsu, a raba wa garuruwan kwarin duka, Zailani ya zama shugaba. In ba ta gamsu ba, a rufe masa biro, wato ofishinsa.

Ta ce, "Ina bayanin yadda take aiki?"

Ya ƙwanƙwasa goshi. "Yana nan, Madam. In na rubuta, ɓarayi su sace."

"To, da me take auna ruwa?"

"Da Umara."

Wallahi ba wasa nake maka ba. Gogan naka ya ga sandar awo ta yi masa ƙauyanci, sai ya ɗauko wani zanƙalelen masunci, Umara. Kullum Umara ya tsaya cikin kogi a wuri ɗaya, Zailani ya danna: gwiwa, ƙugu, ƙirji ko wuya. Manhajar ba ta san mita ba, Umara kaɗai ta sani.

Madam ta ce a kira shi. Aka ce ai ya tafi Gigimi kamun kifi, sai bayan Sallah.

Zailani ya yi dariyar ƙarfin hali. "Ba matsala! Lojisiyel ɗina, manhajar nan tawa, ba ya dogara da kowa."

Suka je bakin kogi. Ya tuɓe kwat, ya miƙa mata kwamfutar, ya tsunduma. Ruwan da ke tsaya wa Umara a ƙugu, shi har ya kai masa haɓa.

Ta ce, "Me zan danna?"

Yana ɗaga kai, yana furzar da ruwa, ya ce, "Kimiyya ba ta ƙarya! Danna wuya!"

Ta danna. Nan take wayoyin manoma suka ɗauki ƙara har Shetimari: ambaliya ta iso, kowa ya kwashe nasa. Kafin ka ce me, mutane sun cire injunan ban-ruwa, sun ɗora a amalanke, wasu har sun fara tsinke ɗanyen tattasai. Ni kaina sai da tausayinsu ya kama ni.

Wani dattijo, Baba Ado, ya iso bakin ruwa yana haki da sanda a hannu. Ya ga kogi kwance lafiya lau, awaki na shan ruwa, ga kan Zailani yana lilo a tsakiya kamar ƙwarya.

"Kai! Ina ambaliyar?"

Zailani ya buɗe baki zai kawo bayani, ruwa ya shige.

Madam ta rufe kwamfutar a hankali ta ce, "Baba, ambaliya ta auku, amma mutum ɗaya kawai ta ci. Mushe, fito ka ba ni makullin biro tun bai yi tsatsa ba."