Rasuwar Salatif Mai Gadin Irin Gero

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanu da suka yi luhu-luhu, Malam Yari Ɗanmusa na Kurawa yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Sabon Birni da Isa da Tozai rasuwar amininsa, Salatif Mai Danƙo Gaba da Baya. Ya cika jiya bayan la'asar a saman rufewar gidan, wato rumbun ƙasar da ke bayan ɗaki, yana bakin aikinsa na gadin irin gero. Ruwan sama ne ajalinsa, ruwan da gari ya yi shekaru yana roƙo.

Marigayin baƙo ne a ƙasar Gobir. Illo, ɗan kasuwar nan mai kai kaya Maraɗi ya dawo da tarkace, shi ya kawo shi a farkon shekarun farin nan, a naɗe kamar gammo, da jan ɓawo a bayansa. Illo ya ce a can da irinsa ake manna gilashin mota. Malam Yari ba shi da mota, ba shi da gilashi, amma tun da ya ɗora yatsa a kansa yatsan ya ƙi dawowa, ya san ya yi aboki.

Mamacin ba mai surutu ba ne. Iyakar maganarsa "ƙiiit" idan an ja shi, daga nan sai aiki. A shekarun da kowane baki a gidan yake neman abin sawa, shi bai taɓa neman ko loma ba. Shi ya riƙe madubin babur, ya riƙe murfin batirin rediyo, ya mayar da ƙasan takalmin Malam inda Allah ya ajiye shi. Akwai ranar kasuwar Sabon Birni da iska ta matsa wa hular Malam a kan babur, sai Malam ya manna ta a goshi da marigayin, ya shiga gari da ƙasaita, hula ko motsi. Sai da azahar ta yi, aka zo shafar kai, aka gane cewa marigayin ba ya wasa da amana. Hula ta fita da gashi har da ɗan guntun gira, kuma har yau girar ba ta dawo ba. Haka wata kaza da ta ƙi kwanci, Malam ya manna ta a kan ƙwai. Ta tashi ta zaga gida da su a ƙirji tana kuka, amma a faɗi gaskiya, ko ɗaya bai faɗi ba.

Jinyarsa ta samo asali ne daga yunwar awaki. Da kiwo ya ƙare ƙaf a daji, awakin Kadijatu, uwargidan Malam, suka koma cin kwali, sai Malam ya sauke jinkar rufewa ya warware musu ciyawar, kamar yadda maƙwabta da yawa suka yi. Bakin rufewa ya zauna a buɗe. A cikinta kuwa akwai 'yan damman geron iri, irin da Malam ya gada wurin mahaifinsa, wanda ko a kwanakin da tukunyar gidan ta wuni a kife ba a taɓa zangarniya ɗaya daga ciki ba. In ya tafi, babu wani a gidan, babu kuma wurin samo shi.

Malam ya samo guntun tamfol, ya hau tsani, ya zagaye bakin rufewar da duk abin da ya rage na marigayin, ya manna tamfol ɗin a kai. Kadijatu tana ƙasa riƙe da ƙugu.

"Malam, ɗamre abin ga da kaba, ka aza mai duwatsu. Wanga abokin naka bai san ruwa ba."

"Ke dai bari! Abin da yar riƙe madubi har Isa bisa wagga hanya, tamfol za ya gagare shi? Ba ni aza mai dutsi, in ci mutuncinai."

"To, za ni ganin ƙarshenku, kai da shi."

Ta gani. Gaskiyar magana, marigayin ya yi suna ne a shekarun da sama ba ta gwada kowa ba. Da aka fita roƙon ruwa, Malam Yari yana sahun gaba, ya juya rigarsa kamar kowa, amin ɗinsa ta fi ta kowa ƙarfi. Bai taɓa zuwa masa a rai ba cewa abin da yake roƙo zai fara sauka ne a kan amininsa.

Jiya hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Mutane suka fito tsakar gida suna hamdala, tsofaffi suna hawaye, Malam yana cikinsu yana tara hannu. Can sai aka ji "fyaaat", kalmar marigayin ta ƙarshe ke nan, aka ga tamfol a sama ya nufi hanyar Tozai. Kafin Malam ya nemo tsani, rufewa ta sha ta ƙoshi. An tsinci gawar a jikin danni, wato dangar maƙwabci, gefe ɗaya manne da tamfol, ɗaya gefen manne da ɓarɓashin ƙasa. Malam yana so duniya ta shaida cewa marigayin bai saki ba, ƙasar ce ta jiƙe ta saki.

Ya rasu ya bar zoben kwalinsa, da jajayen ɓawo da ke warwatse a gindin kowace bishiya ta gidan, da madubin babur wanda shi ma tun jiya yake kallon ƙasa. Ya bar Malam Yari, wanda ya zuba hannu a cikin geron iri ya ji ƙwaya ta kumbura ta yi ɗumi, ya zauna a gindin rufewa. Tsoro yake ji, tsoro na gaske. Irin da ya jiƙe ba ya jira, ko ya shiga ƙasa yau ko ya ruɓe. Malam kuma ya san yau kowane magidanci yana gonarsa, kuma ba wanda zai amsa gayya washegarin ruwan farko. Amma bai taɓa jin an kira mutumin Kurawa jana'iza ya ce yana da aiki ba.

Saboda haka za a yi jana'izar marigayin yau da hantsi a gonar Malam Yari da ke yamma da gari. Ba za a yi masa wanka ba, an riga an yi masa fiye da ƙima. Ba za a yi masa salla ba, liman ya ja wa Malam kunne tun da safe. Kasancewar marigayin dogo ne siriri, iyalai sun ga ya dace a haƙa masa ƙananan ramuka da yawa, layi-layi, daga wannan iyakar gona zuwa waccan, don haka kowane namiji ya zo da sunguminsa. Mata za su bi baya da ƙorai, Kadijatu za ta ɗibar wa kowace abin da za ta jefa a rami ta rufe da diddige. Ba a karɓar gaisuwa a zaune.

Masu niyyar yi wa mamacin addu'a, Malam ya gode, amma ya ce kada a ɓata ta a kansa. A ɗaga hannu a roƙa wa abin da za a binne ruwa na biyu.