Yadda Za Ka Gina Gidan Ajiye Motoci Mai Ƙwaƙwalwa Ba Tare Da Mota Ta Dame Ka Ba

Kai da aka naɗa a kwamitin rage cunkoso tsakanin Fagge da Sabon Gari, kwantar da hankalinka. In ka bi matakan nan yadda Alhaji Salmanu, wanda ya riga ka a wannan aiki, ya bi su, na yi maka alkawari za ka samu bene hawa-hawa, da hotonka a jarida, da lambar yabo, kuma cunkoson zai zauna daram inda ka same shi, don wanda zai gaje ka ma ya samu abin yi.

Mataki na ɗaya: Nemo filin da ke da mutane a kai

Filin da babu kowa ba ya buƙatar katafila, kuma aikin da ba a ga katafila ba, ba a fara shi ba. Alhaji Salmanu ya zaɓi wata kusurwa inda Inna Kubura ke toya masa a gindin darbejiya, direbobin adaidaita sahu da 'yan kasuwar Sabon Gari suna karyawa a wurinta. Da tandar nan take ciyar da jikokinta marayu.

Kada ka kore ta da bulala. Soja sun koma bariki, a mulkin farar hula da alkawari ake korar mutum.

"Inna, ke kam kin haye," in ji Alhaji. "Shago za mu ba ki a ƙasan bene, mai tayil da fanka."

"Allah ya saka da alheri, Alhaji. Yaushe?"

"In sha Allahu."

Lura da kyau: bai ƙara ko wata ko shekara a bayan kalmar ba. Nan gwanintar take.

Mataki na biyu: Kada ka tambayi masu motocin komai

Tafi ƙasar waje ka ga yadda suke yi, ka dawo da hotuna. Amma kada ka kuskura ka taka zuwa Bata, bakin kasuwar Sabon Gari, ka tambayi ɗan kasuwa dalilin da ya sa yake fakin a ƙofar shagonsa. Wani Kenechukwu mai sayar da kayan wuta ya tari Alhaji ba a tambaye shi ba.

"Oga, motar nan ita ce sitona. Rabin kayana a but ɗin bayanta suke. So kake duk wanda ya zo sayen waya in ce ya jira ni in hau bene in sauko?"

Alhaji ya juya ga sakatarensa ya ce jama'a na buƙatar wayar da kai. Haddace wannan jumlar. Tana maganin kowace tambayar da ba ka da amsarta.

Mataki na uku: Kare muhalli

Fara da sare darbejiyar, domin tana kare allon da aka rubuta "Gini Mai Kare Muhalli". A madadinta shafa wa bango koren fenti, ka rataya furannin roba. Su ba sa shan ruwa, wannan ma tattali ne.

Jera faifan sola a kan rufi inda za a hango su daga titi. Batiran kuwa kai su gidanka ajiya, ka san garin da ɓarayi. Allon lantarkin da ke cewa ginin na aiki da hasken rana sai ka kunna shi da janareto.

Idan damina ta zo ruwa ya gangaro ya cika hawan ƙasa har kwaɗi suka tare, kada ka ce kuskure ne. Sunansa tattara ruwan sama.

Mataki na huɗu: Sa ƙofar da ba ta san kowa ba, sannan ka gyara mata tarbiyya

A nan Alhaji Salmanu ya kusa tuntuɓe. Ya bar wata matashiyar injiniya, Ikram, ta sa ƙofa mai aiki da gaske: kyamara ta karanta lambar mota, sandar ƙarfe ta ɗaga da kanta. Babu maigadi, babu gaisuwa, babu "ka san ko ni wane ne".

Ranar buɗewa babban baƙo ya iso da jiniya. Motarsa, kamar ta kowane babba a ƙasar nan, an lulluɓe lambarta da baƙar rigar fata, don kada talaka ya san motar wa ta watsa masa taɓo. Kyamara ta duba ba ta ga komai ba. Sanda ta ƙi motsi.

Aka ƙara jiniya. Ɗan sanda ya sauko ya daka wa ƙarfen tsawa. Maroƙi ya yi wa baƙon kirari tun daga kakansa. Sanda dai tana nan kwance.

"Ranka ya daɗe, a zare rigar lambar kawai, za ta buɗe," in ji Ikram.

Aka bi ta da kallo, kamar ta ce a cire wa baƙon hula. Direban, Gana, ya leƙo ta taga.

"'Yata, tun da aka rantsar da Oga ba wanda ya ga lambar nan. Ni kaina na manta ta."

Dubi abin da gogagge ke yi. Alhaji Salmanu bai roƙi a buɗe lamba ba. Ya sa aka ɗaga sandar da hannu, aka ɗaure ta a sama da igiyar rago. Mota ta shige, aka tafa, aka yanke ƙyalle. Ikram kuwa aka mayar da ita sashen ajiye takardu. Ka ga ƙofa ta koyi girmama manya.

Mataki na biyar: Cika benen da abin da ba ya hayaƙi

Motoci ba za su zo ba, Kenechukwu ya riga ya faɗa maka. Ba da hayar saman benen ga dilolin atamfa su jibge kaya. Atamfa ba ta zubar da baƙin mai, ga kare muhalli kuma. Shagunan ƙasa raba wa surukan 'yan kwamiti.

Inna Kubura za ta zo. Ta zo wa Alhaji, bayan ta gaji da yawo da tanda daga bakin kwata zuwa bakin kwata ana korarta.

"Alhaji, na zo maganar shagona."

"Inna, ba ni ke rabo ba yanzu. Kwamfuta ce, kuma ba ta fitar da sunanki ba."

"Wacce? Wadda kuka ɗaure da igiya?"

Kada ka amsa. Ɗauki wayarka ka yi sallama da wanda bai kira ba.

Mataki na shida: Duk abin da ya faru, ce da ma shi ka tsara

Da Inna Kubura ta fito, sai ta lura cewa a duk unguwar wuri ɗaya ne mota ba ta bi: ƙofar gidan ajiye motoci. Ta girka murhu a nan, ta ɗaura tamfol a jikin sandar da ke tsaye, ta samu inuwar da aka sare mata. Motoci na can kan titi suna hon, masu su na nan suna cin masa. Aiko mai hoto, ka rubuta a rahoto cewa al'umma sun rungumi fasahar zamani.

Na ji Kenechukwu yana tambayarta, bakinsa cike: "Mama, ba kya tsoron a gyara ƙofar nan a tashe ki?"

Ta juya masa a tanda ba ta ko ɗago kai ba. "In an kwance igiyar nan, sai Oga ya nuna lambarsa kafin ya shiga. Zauna ka ci, ɗana. Ni da nan sai dai jikokina su gada."

Gargaɗi

Marubucin nan ba shi da hannu a duk abin da zai biyo baya: kwaɗin hawan ƙasa, batiran da ke haska gidanka, ko tambayar da za a yi maka ranar da babu kwamiti. Haka kuma in wata rana wani babba ya zare rigar lambarsa a bainar jama'a, aka kwance igiya, sanda ta sauko, rumfar Inna Kubura ta rushe, kada a neme ni. Amma na duba igiyar da idona. Inna ta ƙara mata ƙulli, kuma ba wanda ya hana ta.